Masu Nutso na Ƙasar Kabi

Mutumin Damargu, wanda bai san ruwa ba sai a bakin rijiya ko a tabkin damina, idan aka ce masa akwai al'ummar da ke shiga ƙarƙashin kogi tana laluben kifi da hannu, lalle sai ya nemi tsari. Alhali kuwa ga masuntan Argungu wannan sana'a ce ta gado, wadda yaro ke fara koyo yana rungume da gora, gabansa na faɗuwa, har ranar da Allah zai ba shi ƙarfin halin sakin goran ya nutse.

A shekarar 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu bayan daɗaɗɗiyar adawa tsakanin Kabi da Sakkwato, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya shirya masa gagarumin su domin ƙarfafa sulhu, kuma daga nan ne bikin da ake yi a kogin Matan Fada ya samo asali. A ganina, cikin shagulgulan bikin, wasannin Kabanci, irin su nutso da kamun agwagwar ruwa, sun fi cancantar a kiyaye su, domin su ne ke riƙe da ilmin magabata. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin al'adun gado na duniya.