Tallafin CDBG a Amurka: Yadda Ake Karkatar da Kuɗinsa ga Gidajen Tsofaffi

CDBG shiri ne na tallafin raya al'umma da gwamnatin tarayyar Amurka ta kafa a shekarar 1974, a ƙarƙashin Ma'aikatar Gidaje da Raya Birane. Manyan birane masu mutum 50,000 zuwa sama na karɓar kasonsu kai-tsaye, ƙananan garuruwa kuwa ta hannun jihohinsu. Doka ta wajabta kashe aƙalla kashi 70 cikin 100 na kuɗin a kan masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin samu.

Idan wani aiki ya tsaya ko kuɗinsa ya yi saura, hukumar gari na iya mayar da shi ga samar wa tsofaffi gidaje masu sauƙin haya. Sai dai a ƙa'ida hukumar ba ta gina sabbin gidaje da kuɗin da kanta. Abin da aka yarda shi ne sayen fili, gyaran tsofaffin gine-gine, jawo ruwa da shimfiɗa titi.

Kafin babban sauyi irin wannan, dole a sanar da jama'a, a ba su kwana 30 su bayyana ra'ayinsu. A nan ne ake yawan jayayya, domin duk abin da aka ƙara wa gidajen tsofaffi, daga wani aikin unguwa aka ciro shi.