Yadda madubin awon jini ya samu gindin zama a Madawa

Daga Agusta zuwa Oktoba, zazzaɓin cizon sauro kan kwantar da yara da yawa a ƙauyukan Galma, waɗanda ciwon ya tsananta musu kuma a garzaya da su asibitin Madawa. Haka abin yake a Buza da Keita. Na'urar da masu awo ke dogara da ita a irin waɗannan asibitoci ita ce madubin likita mai aiki da haske, kuma tarihi ya nuna cewa wannan zaɓi daidai ne, ba talauci ya tilasta shi ba.

A 1665 Robert Hooke na Ingila ya hango ƙwayoyin halitta a ɓawon itace, amma gilasan zamaninsa ba sa nuna abin da ke cikinsu. A 1873 Ernst Abbe, mai aiki da kamfanin Zeiss a Jamus, ya lissafa iyakar abin da haske ke iya bayyanawa, daga baya kuma ya inganta gilashin da ake ɗiga wa mai, wanda da shi madubin likita ke girmama abu har sau 1,000. A 1880 likitan sojan Faransa Alphonse Laveran ya ga ƙwayar zazzaɓin cikin jinin wani majiyyaci a Aljeriya. Likitoci da dama sun yi shakka, har sai da ingantattun gilasai da rini suka yaɗu, musamman rinin Giemsa na 1904, wanda ake shafa wa jini har yau.

Wani zai ce madubin lantarki, wanda Ernst Ruska da Max Knoll suka ƙera a 1931, ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Gaskiya ne, sai dai yana buƙatar wuta marar yankewa da doguwar hidimar shirya samfur, alhali ƙwayar zazzaɓi ba ta fi ƙarfin haske ba. Wani kuma zai kawo gwajin gaggawa, wanda ya bazu bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2010 a riƙa awo kafin magani. Amfaninsa a ƙauye babba ne, amma ba ya ƙirga yawan ƙwayoyin, kuma yakan nuna cuta makonni bayan warkewa. Yaron da ya galabaita ƙirgen yake buƙata, domin da shi likita ke sanin ko magani na ci. Saboda haka abin da ya kamata a kashe wa kuɗi shi ne madubin haske mai gilashin mai, rini mai kyau, batirin hasken rana, da horar da mai awon da zai karanta jinin.