Daga Ƙarfin Damtse Zuwa Sifana Mai Awo

Tun ina yaro nake ganin masu faci suna zura bututun ƙarfe a hannun sifana, su hau kansa da ƙafa, su yi ta dannawa har notin taya ya yi ƙara. A wurinmu wannan ƙarar ce shaidar cewa aiki ya yi kyau. Sai ranar da ƙusoshi biyu na tayar baya suka tsinke mana a kan hanyar Zariya, muka sha da ƙyar, na fara tambayar wanda ya soma auna ɗaurin noti da abin da ya kai shi ga haka.

Kafin a kai ga awo, sai da aka daidaita notin kansa. A farkon ƙarni na 19 kowace masana'anta a Ingila da irin haƙoran da take yanka wa ƙusoshinta, notin wannan ba ya hawa ƙusar wancan. A 1841 Joseph Whitworth ya fito da tsari guda mai kusurwar digiri 55, kamfanonin jirgin ƙasa suka karɓa. A 1864 William Sellers ya kawo nasa a Amurka mai digiri 60. Saɓanin ya ci wa ƙasashen biyu tuwo a ƙwarya a Yaƙin Duniya na Biyu, domin kayan gyaran ɗaya ba sa shiga injin ɗayan. Bayan yaƙin ne su da Kanada suka amince da tsari ɗaya.

Amma ɗaurin ya ci gaba da zama a damtsen bakanike. Ana danganta sifana mai awo ta farko ga Conrad Bahr, ma'aikacin hukumar ruwa ta birnin New York, wanda a 1918 ya gaji da ganin ana wuce kima wajen ɗaure bututun ruwa. A shekarun 1930 ta shiga masana'antar mota.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, ba murɗawar ce abin nema ba. Ƙusa tana miƙewa kaɗan idan aka ɗaure ta, kamar roba, kuma ƙoƙarinta na komawa yadda take shi ne ke matse ƙarfe biyu wuri guda. Kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da aka sa gogayya ce ke cinye shi, a haƙora da ƙarƙashin kan noti; ragowar ne ke miƙa ƙusar. Don haka ɗigon mai a kan haƙora yana iya sa adadin da aka saba da shi ya wuce gona da iri, tsatsa kuma ta sa ya gaza. Ita sifanar ma ƙiyasi take yi. Shi ya sa a injinan zamani ake ɗaure ƙusoshin kan inji zuwa wani adadi, sannan a ƙara juya su da ƙayyadaddun digiri, kuma da yawansu ba a sake amfani da su.

Mu ma abin ya shafe mu. Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975 kan injinta na alminiyom ne, ƙarfe mai laushi da ke lanƙwashewa idan ba a bi jerin ɗaurin daga tsakiya zuwa gefe ba. Motar ta iso kowane gareji, sifanar kuwa ta tsaya a ƙalilan. (Da mamaki, alhali mu ne muke cewa notin wane ya kwance.)

Daga baya na zauna na yi lissafin abin da ya same mu. Notin tayar ƙaramar mota yawanci Newton-mita 110 zuwa 120 yake buƙata. Mutum mai nauyin kilo 70 da ya tsaya a ƙarshen bututu mai tsawon mita ɗaya yana ɗora masa kusan 690, tun bai fara tsalle ba.