Asalin duwatsun Kazaure da abin da ya raba su da na Dutse

Duwatsun da suka kewaye Kazaure, suka miƙa zuwa Roni da wasu sassan Gwiwa, suna cikin mafiya tsufa a Jihar Jigawa. Sun jeru ne kamar kunyoyin gona, daga kudu zuwa arewa suna ɗan karkata gabas, kuma wannan jeri shi ne shaidar farko ta asalinsu. Dutsen da aman wuta ya haifa yakan tashi a dunƙule ko a zagaye. Wanda ya miƙe dogo haka, ƙasa ce aka matse ta har ta naɗe.

Masana ilimin duwatsu suna lissafa wannan yanki cikin zirin duwatsun da suka rikiɗe a yammacin Najeriya, irin na Maru da Anka a Zamfara. Tun farko yashi ne da laka da suka kwanta a ƙarƙashin ruwa. Kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, manyan ɓangarorin ƙasa suka yi karo a Afirka ta Yamma, zafi da matsi suka dafa abin da ya kwanta ɗin. Yashin ya zama farin dutse mai tsananin tauri da ake kira kwazayit, lakar kuma ta zama dutse mai ɓarewa falle-falle. Ruwa da iska sun cinye mai taushin, ya koma kwari da fadama, mai taurin ya tsaya a matsayin tsauni. Sawun wannan karo yana nan har a arewa maso gabashin Brazil, domin a lokacin babu tekun Atlantika tsakaninta da Afirka.

Tsofaffin duwatsun aman wuta na jihar kuwa suna kudu da gabas: Dutse, Fagam da Kila. Tun 1911 J. D. Falconer ya ware irinsu daga tsohon giranit na ƙasar Hausa a littafinsa kan duwatsun Arewacin Najeriya. Yadda suka samu shi ne narkakken dutse ya taso ya yi aman wuta, bakin ya rufta, ragowar ta daskare a ƙarƙashi cikin siffar zobe. Saman ya zaizaye tuntuni. Abin da ake gani yau a babban birnin jihar saiwar dutsen ce kawai, mai shekara kimanin miliyan 213. Ke nan duwatsun Kazaure sun kusa ninka ta uku a tsufa.

Irin waɗannan zobba sun haura 50 a Najeriya, kuma shekarunsu na raguwa idan ana gangarowa kudu. Na tsaunukan Abzin a Nijar sun wuce miliyan 400, na Damagaram suna biye, na Afu a Nasarawa kuma miliyan 141. Mai son ganin ainihin tokar aman wutar da ta daskare sai ya je Riruwai a Ƙaramar Hukumar Doguwa ta Kano, inda Dutsen Shetu ya adana ta.

Bambancin ya shafi aljihu. Kuza da kwalambayit suna tafiya ne da giranit ɗin zobba, shi ya sa aka haƙa su a Riruwai da Jos. Wanda aka kawo wa tayin filin kuza a ƙasar Kazaure ya kamata ya nemi rahoton binciken ƙasa kafin ya saki kuɗinsa.

Ya fi shafar ruwa ma. Kwazayit ba ya tsotsar ruwa. Sai a tsagoginsa da ruɓaɓɓen samansa ruwan ke maƙalewa. Saboda haka rijiyar burtsatse biyu kan yi kusa da juna a Roni, ɗaya ta kawo ruwa, ɗayar ta kafe, kuma kwangilar da aka bayar ba tare da auna ƙasa ba caca ce da kuɗin jama'a. A gabas, wajen Babura, tsohon dutsen yana nutsewa ƙarƙashin yashi da yumɓu na kwarin Tafkin Chadi, inda ruwa ke kwance a cikin yashin kansa, haƙa kuma ta fi sauƙi.