Cin Zarafi Da Barazana Ta Intanet: Abin Da Doka Ta Tanada Da Yadda Ake Kai Ƙara

Cin zarafi ta intanet ya ƙunshi aika wa mutum saƙonnin razanarwa, da bibiyarsa ba tare da yardarsa ba, da yaɗa hotunansa na sirri, da yi masa barazanar tonon asiri domin karɓar kuɗi. A Najeriya akwai dokoki biyu na tarayya da suka fi shafar waɗannan laifuffuka.

Ta farko ita ce dokar yaƙi da laifuffukan intanet ta 2015, wadda tsohon Shugaban Ƙasa Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu. Sashe na 24 na dokar ya tanadi ɗaurin shekara 10 ko tarar da ba ta gaza Naira miliyan 25 ba, ko duka biyun, ga wanda ya aika saƙon da ya jefa wani cikin fargabar kisa ko jikkata. Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron irin waɗannan shari'o'i.

Sashen ya sha suka saboda yadda aka riƙa kama 'yan jarida da shi, har Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a 2022 cewa ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki. A watan Fabrairun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu kan gyaran da ya cire kalmomi irin su ɓata rai da zagi daga farkon sashen. Tanadin da ya shafi barazana ga rai yana nan daram.

Ta biyu ita ce dokar haramta cin zarafin mutane ta 2015, wadda aka fi sani da VAPP. Ta hukunta bibiya da razanarwa da muzgunawa ta baki, ta kuma bai wa kotu ikon ba da umarnin kariya da zai hana mai laifi tuntuɓar wanda yake cutarwa. Hukumar NAPTIP ce ke kula da aiwatar da ita a Babban Birnin Tarayya, jihohi da dama kuma sun kafa tasu.

Matakin farko kafin kai ƙara shi ne adana hujja. Mutane da yawa kan goge saƙon saboda kunya ko takaici, alhali shi ne ginshiƙin shari'ar. Ya kamata a ɗauki hoton saƙon yadda kwanan wata da lokaci za su fito, a rubuta lambar wayar mai aikowa da adireshin shafinsa, a kuma ajiye wayar da saƙon ya shigo, domin sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya gindaya sharuɗɗa kafin kotu ta karɓi hujjar da aka ciro daga na'ura. Sai bayan haka ne za a toshe mutumin, a kai rahotonsa ga Facebook ko WhatsApp ko TikTok. Kamfanin zai iya rufe shafi, amma ba ya gurfanar da kowa.

Ana shigar da ƙara a ofishin 'yan sanda mafi kusa, ko a Cibiyar Yaƙi da Laifuffukan Intanet ta Rundunar 'Yan Sandan Najeriya da ke Abuja. Ƙorafi a rubuce ya fi ƙarfi, kuma yana da kyau mai ƙara ya riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Idan aka yi biris da shi, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, sannan ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA na tallafa wa mata da yara.

Wanda ake nema da kuɗi don kada a saki hotonsa, biya ba ya kawo ƙarshen barazanar, sau da yawa ma ƙara buɗe ƙofa yake yi. Abin da ya fi shi ne ya sanar da wani amintacce a cikin iyali, ya kai ƙara tun hujjar tana hannunsa.