Daga Katin Gwaji Zuwa Kasuwar Cikin Kwamfuta: Yadda Ake Auna "Shugaban" Ƙwaƙwalwa

Mai karatu, akwai wani aiki da gaban ƙwaƙwalwarka ke yi, daidai bayan goshi, wanda ba ka lura da shi sai ya samu matsala: tsara abin da za ka yi, riƙe shi a zuciya, danne son rai, da canja dabara idan al'amari ya canja. Masana na kiransa aikin gudanarwa. Wahalar ita ce auna shi.

A 1848 wani sandan ƙarfe ya huda kan Phineas Gage, ma'aikacin layin dogo a jihar Vermont ta Amurka. Bai mutu ba, maganarsa ba ta ɗauke ba, amma likitansa John Harlow ya ba da rahoton cewa halinsa ya canja, ya zama mai ƙulla shiri ya watsar. Daga baya aka fito da gwaje-gwajen tebur: na Stroop a 1935, da na jera katuna na Wisconsin a 1948.

To amma a 1985 Eslinger da Damasio suka ba da labarin wani akanta da aka cire wa ƙari a gaban ƙwaƙwalwa. Ya ci gwaje-gwajen nan tsaf, makinsa na basira ya fi na yawancin mutane. A waje kuwa aiki ya kuɓuce masa, dukiya ta salwanta, aure ya mutu. Zaɓen inda zai ci abinci ma sai ya kwashe sa'o'i. Ka ga dalili? A ɗakin gwaji likita ne ke cewa "fara", shi ke cewa "tsaya", wato ya ɗauke wa majinyaci ainihin aikin da ake son aunawa.

Shi ya sa a 1991 Tim Shallice da Paul Burgess suka fitar da majinyata uku zuwa wani layin shaguna a Landan. Suka ba su aike: ka sayo burodi da wasu ƙananan kaya, ka kasance a wuri kaza bayan minti 15, kar ka shiga shago sai in sayayya za ka yi. Nan take larurar ta fito fili, aka ga mantuwa da karya doka. Gwajin ya yi kyau, sai dai tsada, ga haɗari, kuma layin yau ba shi ne na gobe ba.

Nan kwamfuta ta shigo. A farkon shekarun 2000 Evelyne Klinger a Faransa ta gina kantin kwaikwayo mai suna VAP-S: ka sayo kaya bakwai, ka biya, ka fita, na'ura na ƙirga tsayuwarka da nisan da ka yi da kurakuranka. A allo aka fara. Yanzu akwai na tabarau, wanda in ka juya kai kantin ke juyawa da kai, ko da yake wasu na samun jiri.

Mu dawo gida. Ɗauki dattijo a Unguwar Rogo da ya farfaɗo daga shanyewar ɓarin jiki, ko ɗan kabu-kabu da ya bugu a kai. Ko an kai shi asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko na ƙwaƙwalwa da ke Kware, tambayar iyalansa ɗaya ce: a mayar masa da shago da kuɗi, ko a dakata? Kantin Faransa ba zai amsa ta da kyau ba. Can farashi a rubuce yake, a babbar kasuwar Sakkwato kuwa sai ka taya, ka yi ciniki, ka gaisa da mutum biyar, kana riƙe da lissafin canji a ka, mai baro na cewa a ba shi hanya. Wanda bai taɓa tura keken kanti ba zai iya faɗuwa gwajin lafiyarsa ƙalau. A ganinmu, duk wanda zai kawo tabarau nan, ya fara gina rumfunan kasuwarmu a ciki, da Hausa, sannan ya gwada shi a kan masu lafiya, har da waɗanda ba su yi boko ba, kafin a auna ko majinyaci ɗaya.