Warwaji: Ɓacewarsa da Komowarsa

A zamanin yaƙe-yaƙe, babu garkuwar da barade ke so kamar ta warwaji. Asbinawa ne gwanayen yin ta, daga wurinsu kuma take isowa ƙasar Hausa. Fatar tana da kauri, ga ta da sauƙin ɗauka bisa doki.

Shi warwaji babban naman daji ne, ɗan'uwan gwanki. Jikinsa fari ne, wuyansa da ƙirjinsa jaja-jaja. Namiji da tamata duka suna da ƙahoni masu lanƙwasa baya, tsawonsu yakan kai mita 1. Mazauninsa bakin Hamada ne, tun daga Muritaniya har Sudan. In damina ta faɗi garkuna sukan yi arewa bin sabon tsiro, in rani ya yi su gangaro kudu. Yakan yi watanni bai sha ruwa ba, sai ɗan abin da ya samu cikin ciyawa da gunar daji. Da rana yakan fake a inuwa, ya fita kiwo da sanyin dare. Tamata takan haifi ɗa guda bayan cikin wata 8 da 'yan kai.

Shekaru aru-aru maharba suna binsa da doki da māshi, bai ƙare ba. Amma da bindiga da mota suka shigo, al'amari ya sāke, gama doki yakan gaji, mota kuwa ba ta gajiya. Rijiyoyin da aka haƙa suka jawo dabbobin gida cikin makiyayarsa. Ga fari na wajen 1973 da 1984, ga kuma yaƙin Chadi. Cikin shekarar 2000 masana suka sanar babu sauran warwaji a daji.

Abin da ya ceci irinsa shi ne waɗanda aka kama tun da wuri, aka yi kiwonsu a gidajen namun daji na ƙasashen waje. Cikin 2016 aka ɗauko 25 a jirgin sama daga Abu Dabi, aka saki mafi yawansu a gandun dajin Wadi Rime da Wadi Ashim na Chadi. Wasu suka biyo baya, suka hayayyafa, har cikin 2023 aka cire sunansa daga jerin waɗanda suka ƙare a daji.

Ƙishirwar Hamada ba ta taɓa gagarar warwaji ba. Zamansa nan gaba yana hannun makiyaya da masu tsaron gandun.